Babi na Bakwai: Daga Sango zuwa Magnum

Babbar matsalar da maharbin manyan namun dawa ya yi ta fama da ita, tun daga zamanin kwari da baka har zuwa zamanin bindiga mai madubi, ita ce tazarar da ke tsakanin fatar dabba da makasarta, wato zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa. A jikin gada ko barewa wannan tazara ba ta wuce 'yan yatsu ba, shi ya sa kibiya mai kaifi ko 'yan ƙwayoyin dalma daga adaka kan wadatar. A jikin ɓauna kuwa sai makami ya keta kaurin fata da tulin tsoka da faffaɗan haƙarƙari da suka kusa haɗewa da juna, sannan a jikin toron giwa, wanda nauyinsa kan kai kilo 5,000 zuwa 6,000, harsashin da aka auna goshi da shi sai ya ratsa tsoka da ƙashi fiye da rabin mita kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Hausawa sun nemi maganin wannan matsala ta hanyar dafi, Turawa kuma suka neme shi ta hanyar ƙara ƙarfin albarushi da nauyin harsashi, har suka kai ga rukunin harsasan da ake kira magnum. Wannan babi zai bi sawun hanyoyin biyu, ya bayyana yadda kowace ke aiki da inda ƙarfinta ya tsaya, sannan ya duba abin da ya rage wa irin wannan makami a ƙasar da manyan namun dawanta suka kusa ƙarewa.

Kano da manyan namun dawa

Mazaunin Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a yau, idan yana son ya nuna wa 'ya'yansa zaki ko kura ko jimina, sai ya bi Titin Gidan Zoo ya biya kuɗin shiga gidan adana namun daji da aka kafa a farkon shekarun 1970 a zamanin Gwamna Audu Bako, domin wuraren da a da suke ƙauyuka da gonaki a bayan ganuwa birni ya haɗiye su, ya kuma tura dawa can nesa. A da kuwa al'amarin ya sha bamban da haka. Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da H. R. Palmer ya fassara ya buga da Ingilishi a 1908, ya fara ne da labarin zuriyar Dala, inda ya siffanta kakan Kanawa a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko da an ɗauki wannan a matsayin zuzutawar da aka saba yi wa mazan jiya, labarin ya nuna cewa mutanen da suka adana shi sun san giwa a ƙasarsu, kuma kashe ta shi ne ma'aunin jarumtaka da cancantar shugabanci a wurinsu.

Al'adar Hausawa ta bambanta farauta da harbi, kuma fahimtar wannan bambanci na da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Farauta sha'ani ce ta taro, ana yin ta da rani bayan an kawar da amfanin gona, inda samari da 'yan tauri kan fita da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari, ana kora zomo da gafiya da kurege da gada, wanda ya riga ya ɗauka, shi ya sa ake cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, ta mutum ɗaya ko biyu, a ƙarƙashin Sarkin Baka, kuma jarinta shi ne sani: sanin sawu da kashin dabba da lokacin da take zuwa mashaya, da sanin inda iska ke kaɗawa don kada ta kai mata warin mutum. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa, wanda aka haɗa da itace da bakin tsuntsun aka naɗe da fata, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana ɗaga kan yana saukewa yadda burtu ke yi idan yana kiwo, har sai ya kusanci gwanki ko kanki iya inda kibiyarsa za ta kai. Gajartar zangon makaminsa ita ta tilasta masa ya zama masanin dabba.

Sango da cinikin haure

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa, har Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Sai dai bindigar wancan zamani, wadda adaka ta gada, ta bakin bututu ake ɗura ta: a zuba baƙin albarushi, a danna tsumma, a saka dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa. Cikin bututunta sumul yake, don haka abin da ta harba ba ya juyawa a iska, ba ya tafiya nesa a miƙe, ba shi kuma da ƙarfin keta kwanyar giwa. Dabarar da maharban Hausa suka yi ita ce haɗa tsohon ilimi da sabon makami, suka ƙera sango, wato gajeren mashi mai faffaɗan kai da ake shafa wa dafi, a zura sandarsa a cikin bututun bindiga a kan albarushi, a harba shi daga kusa ƙwarai zuwa ciki ko cinyar giwa. Aikin albarushin shi ne ya huda fata kawai, kisan kuwa na dafi ne, wanda akasari daga 'ya'yan kwankwani ake haɗa shi, tsiron da sinadarinsa ke rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita.

Da wannan makami Hausawa suka shiga cinikin hauren giwa da ya bunƙasa a kashi na biyu na ƙarni na 19, lokacin da Turai da Amurka ke buƙatar haure don yin maɓallan piyano da ƙotar wuƙa da matazai. Fatake da maharba suka nausa Adamawa, zuwa Banyo da Tibati da Ngaundare a Kamaru ta yau, suna tara haure, wani a ɗauko shi zuwa Kano ya bi ayarin raƙuma zuwa Tarabulus tare da gashin jimina da jemammun fatu, wani kuma a sauke shi a bakin Binuwai ga kamfanonin Turawa. Sango ya samar da dukiya, amma yana da aibi biyu masu girma. Na farko, dole maharbi ya matso har inda giwa za ta iya cim masa da taku kaɗan idan ta juyo. Na biyu, dafi na buƙatar lokaci, saboda haka giwar da aka harba kan yi tafiya mai nisa cikin azaba, maharbi na bin jininta, wani lokaci ma ta ɓace masa ta mutu a inda ba wanda ya amfana da ita. Waɗannan aibobi biyu, haɗarin maharbi da jinkirin mutuwar dabba, su ne ainihin abin da masu ƙera bindiga a Landan suka sa a gaba.

Yadda aka kai ga magnum

Turawan farko da suka yi farautar giwa a kudanci da gabashin Afirka, irin su Frederick Selous a shekarun 1870, da baƙin albarushi suka yi aiki su ma, kuma tun da shi ba ya iya tura harsashi da gudu sosai, sai suka koma ga girma, suna ɗaukar bindigogin da ke harba dunƙulen dalma mai nauyin giram 113, waɗanda ke cika wuri da hayaƙi su kuma jijjiga mai harbin. Sauyi ya zo ne da albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, Ingila kuma ta biyo baya da nata samfurin mai suna kodayit a 1889. Wannan sabon albarushi yana ƙonewa gaba ɗaya ya koma iska mai zafi, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, ta yadda ƙaramin harsashi zai yi aikin da a da sai ƙato. Daga nan sai ƙira ta bi ƙira: kamfanin Rigby ya fitar da .450 Nitro Express a 1898, Bajamushe Otto Bock ya ƙera 9.3×62 a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, ciki har da Kamaru, Rigby ya sake fitar da .416 a 1911, sannan a 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar da .375 Magnum, wanda har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Kafin a shiga lissafi ya kamata a fayyace kalmomi. Abin da jama'a ke kira harsashi dunƙule ne mai sassa huɗu: kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da ɗan maɓallin tartsatsi da ke gindinsa, da kuma ƙwayar da ke bakinsa, wadda ita kaɗai ke fita daga bindiga. Idan aka ja kunama, wata 'yar allura ta ƙarfe takan daki maɓallin, tartsatsi ya kama albarushi, iskar da ta taso ta tura ƙwayar cikin bututu, wanda aka yi wa tsaga mai murɗe a ciki domin ƙwayar ta fita tana juyawa ta tafi a miƙe. Lambar da ke sunan harsashi kaurin ƙwayarsa take nunawa, don haka .375 na nufin wannan kaso na inci ɗaya, wato milimita 9.5. Magnum kuwa kalmar Latin ce mai nufin babba, kuma ana laƙaba ta ga harsashin da kwansonsa ya fi na takwarorinsa girma, ta yadda zai ɗauki albarushi mai yawa ya tura ƙwaya da gudun da ya fi nasu.

Abin da ke cikin kwanso

Duk wanda ya riƙe kwanson .375 a tafin hannunsa zai lura da abu biyu: doguwar siffarsa da ke tsukewa a hankali daga gindi zuwa wuya, da kuma wata 'yar ɗamara mai tudu da ta kewaye gindinsa. Zafin ƙasashe irin na Afirka da Indiya ne ya haifar da wannan siffa, domin kodayit, wanda dogayen zare-zare ne da ake jerawa a cikin kwanso, yana ƙara ƙarfi idan ya ɗumama, kwanson da ya kumbura kuma kan maƙale a cikin bindiga a daidai lokacin da maharbi ke buƙatar harbi na biyu. Kwanso mai tsukewa yana zamewa ya fita cikin sauƙi, ɗamarar kuma ita ke tsayar da shi daidai inda ya kamata a cikin ɗakin bindiga. Matsin iskar da ke tasowa a lokacin harbi ya kai kimanin bar 4,300 a ma'aunin matsi, wato kusan ninki 2,000 na iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota, kuma duk wannan na faruwa ne a cikin abin da bai wuce kaso biyu cikin dubu na daƙiƙa ba.

Ana auna ƙarfin ƙwayar da ke tafiya da ma'aunin da ake kira jul, kuma ƙa'idarsa ita ce idan nauyi ya ninka sau biyu ƙarfi ma ya ninka sau biyu, idan kuwa gudu ne ya ninka sau biyu to ƙarfi ya ninka sau huɗu. Ƙwayar .375 mai nauyin giram 19.4 tana barin bututu da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa, abin da ke ba ta ƙarfin jul 5,700 ko kusa da haka. Ta .416 Rigby mai giram 26 takan kusanci jul 7,000, haka ma ta .458 Winchester Magnum mai giram 32.4. Idan aka kwatanta da AK-47, wadda ƙwayarta giram 8 ce kawai kuma ƙarfinta bai wuce kimanin jul 2,000 ba, za a gane dalilin da ya sa ɓarayin haure masu amfani da bindigar soja ke yi wa giwa ruwan harsasai, da dalilin da ya sa da yawa daga dabbobin da suka harba ke tsira da rubabben rauni su zama barazana ga manoma. A kan wannan lissafi ne ƙasashen da suka halatta farautar manyan dabbobi suka gina dokokinsu: Zimbabuwe ta shardanta kaurin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 ga giwa da ɓauna da dorina, Namibiya kuma ta sa jul 5,400, manufar kuwa ita ce hana mutane raunata dabbar da ba za su iya kayarwa ba.

Ƙarfi kaɗai ba ya kai ƙwaya makasa, ƙirarta ma na da nata aikin. Akwai ƙwaya mai taushin baki, wadda cikinta dalma ce aka naɗe da jan ƙarfe aka bar bakin a buɗe, ita takan baje idan ta shiga nama ta yi faffaɗan rauni, kuma ita ta dace da zaki da gwanki da harbin farko a kafaɗar ɓauna. Akwai kuma daskararriya, mai kaurin riga ta ƙarfe ko wadda aka sassaƙa gaba ɗaya daga tagulla, ita ba ta bajewa, miƙewa take yi ta ratsa ƙashi, kuma ita kaɗai ke iya kaiwa ga ƙwaƙwalwar giwa, wadda ke can ciki tsakanin ramukan kunnuwa biyu a bayan ƙashi mai ramuka-ramuka. A 'yan shekarun nan ana ƙara komawa ga ƙwayar da babu dalma a cikinta, saboda ɓurɓushin dalma kan watsu a cikin nama ya cutar da mai ci da kuma ungulu, kuma mutanen Arewa, da suka ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Iyakar ƙarfi

Duk abin da ya tura ƙwaya gaba yana tura bindiga baya, kuma dukan da gindin .375 ke yi wa kafaɗa ya kusa ninka na matsakaiciyar bindigar farauta sau biyu, na .458 kuwa ya kusa ninka shi sau uku. Mutumin da bai saba ba, tun kafin ya gama jan kunama jikinsa ya riga ya ɗare, idonsa ya rufe, bakin bindiga ya kauce, sai ƙwayar da aka nufi zuciya da ita ta faɗa tumbi. Ɓaunar da aka harba a tumbi takan shige duhuwa ta juyo ta fuskanci sawunta tana jira, kuma a nan ne mafi yawan haɗurran wannan sana'a ke faruwa. Saboda haka ƙwararru suka fifita bindigar da mutum zai iya sarrafawa a kan wadda ta fi ƙarfinsa, kuma wannan ne sirrin daɗewar .375 fiye da shekara 100, domin ta tsaya a tsakani, tana da ƙarfin da doka ke nema ba tare da ta gagari matsakaicin maharbi ba.

Tarihi ya ba da misalai biyu da ke nuna wannan iyaka daga ɓangarori mabambanta. W. D. M. Bell, ɗan ƙasar Sikotilan da aka fi sani da Karamojo Bell saboda yankin Yuganda da ya yi farauta a farkon ƙarni na 20, ya kashe giwaye 1,011, kuma kimanin 800 daga cikinsu da ƙaramar bindiga 7×57 ya kashe su, wadda ƙarfinta bai kai rabin na .375 ba. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne ya sa an tsaga masa kawunan giwaye da zarto ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa, sannan yana matsawa kusa kafin ya harba, wato dai irin ilimin maharbin burtu ne ya haɗa da bututu mai tsaga. A ɗaya ɓangaren, .458 Winchester Magnum da Amurkawa suka fitar a 1956 an cusa mata albarushi mai yawa a gajeren kwanso, wanda a cikin zafi kan dunƙule ya ƙi kamawa yadda ya kamata, kuma bayan da wata ɓauna ta raunata Jack Lott a Mozambik a 1959 yana riƙe da ita, sai ya tsawaita kwanson ya samar da .458 Lott a 1971. Misali na farko ya nuna sani na iya cike giɓin ƙarfi, na biyu kuma ya nuna ƙarfin da aka rubuta a takarda na iya cin amanar mai shi a dawa.

Doka da shari'a

Wannan ci gaba na ƙera makamai bai isa hannun maharbin Hausa ba, kuma da gangan aka tsara hakan. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, aka bar musu mai ƙanƙara da baƙin albarushi kawai. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai dokar kare namun daji ta 1916 ta mayar da harbin manyan dabbobi abin da sai da lasisi, lamarin da ya sa jami'in mulkin mallaka da ke hutu zai iya harbin giwa da izini, alhali jikan masu sango ya zama mai laifi idan ya yi haka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, da suka haɗa da na soja masu kaurin milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa; na kai, irin su bindigar harbin tsuntsaye da ta farauta mai tsaga, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu; da kuma masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A ɓangaren dabbobin kuwa akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da doka ta 11 ta 1985 da ta haramta kashe wasu nau'o'i da cinikinsu, wadda aka tsananta hukuncinta a 2016, baya ga haramcin cinikin haure tsakanin ƙasashe da aka zartar a 1989.

Fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran Kano ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya halatta farauta don buƙata ya kuma karhanta wadda ake yi don wasa kawai, sannan malaman mazhabar na baya sun halatta cin abin da harsashi ya kashe idan an ambaci sunan Allah lokacin harbi, bisa hujjar cewa yana huda jiki ya zubar da jini. Addini ya kuma yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa, da gaggauta hutar da abin da za a yanka. Idan aka auna harsashi mai ƙarfi da wannan ma'auni, hujjarsa guda ce, ita ce yana gajarta wahalar dabba yana kuma kare ran maharbi, kuma wannan hujja takan faɗi da zarar an ɗauke shi don alfahari ko don tara kawuna a bango.

Dawar da ta rage

Ƙididdigar da hukumomin Nijeriya suka fitar a 2024 ta nuna giwayen ƙasar sun ragu zuwa tsakanin 300 da 400, kuma garke mafi girma a Arewa shi ne na Yankari a Jihar Bauchi, mai kimanin giwa 100, a gandun da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Zakunan da suka rage a dawa ba su kai 50 ba, a Yankari da gandun tafkin Kainji. Dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da Kano a kan hanyar Jos, ya sha fama da saran itace da kiwo da 'yan fashi. A arewacin Kamaru, a kewayen gandayen Binuwai da Faro da Buba Njidda, har yanzu akwai yankunan da baƙi ke biyan kuɗi mai yawa su harbi ɓauna da gwanki da lasisi, amma a Buba Njidda ɗin ne mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a farkon 2012. Mafarautan Kano kuwa sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin su sami abin harbi, kuma kisan gillar da aka yi wa mutum 16 daga cikinsu a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, a kan hanyarsu ta komawa gida, ya nuna irin haɗarin da sana'ar ta shiga a zamanin da ganin bindiga a hannun baƙo ke tayar da zargi.

A irin wannan hali babu gurbin farautar giwa ko zaki don nishaɗi a ƙasar Hausa, ko da doka ta yarda. Gurbin da ya rage wa harsashi mai ƙarfi shi ne hannun ma'aikacin gandun daji da aka horar, wanda ke raka likitan dabbobi lokacin da ake harba allurar sa barci, ko wanda aka kira ya hutar da dabbar da tarko ko harsashin ɓarawo ya lalata, ko ya tsaya tsakanin dorina da masunta. Buƙatar hakan ta taɓa zuwa har ƙofar Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan zoo na Kano a watan Oktoba na 2019 ya shafe kusan kwana biyu kafin a mayar da shi da ransa, alhali wanda ya kuɓuce a Jos a watan Disamba na 2015 harbe shi aka yi. Duk hukumar da ke riƙe da manyan dabbobi wajibi ne ta tanadi allurar sa barci da bindigar da ta dace da kuma mutumin da ya iya duka biyun, domin bindigar soja a hannun wanda bai san makasa ba tana ƙara haɗari ne ga jama'a da dabbar.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa dawa na iya farfaɗowa idan aka ba ta sarari, domin raƙuman dawan yankin Kure, da suka rage 49 a 1996, sun haura 600 bayan an shigar da mutanen ƙauyukan cikin aikin kula da su, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Aiki irin wannan yana buƙatar masu sanin sawu da iska da halin dabba, kuma waɗannan mutane suna nan a gidajen Sarakunan Baka na Kano da Katsina da Zazzau, sai dai ilimin nasu na tafiya tare da tsofaffi. Ya rage wa gwamnatocin jihohi da masarautu su yi wa maharba rajista, su ɗauki 'ya'yansu aikin tsaron gandayen daji da albashi da horo, su kuma sa jami'o'i su rubuta abin da dattawan suka sani tun suna raye. Bindiga da harsashi ana iya sayo su daga waje a duk lokacin da aka ware kuɗi, amma horar da mai bin sawu na ɗaukar shekaru masu yawa, don haka da shi ya kamata a fara.